Ranar da Barau Likita Ya Ce Bai Sani Ba

Malam Barau bai taɓa karatun likita ba. Daga aji shida na firamare a Ƙanƙara ya ajiye biro ya kama bin kasuwanni, yana sayar da irin masara da maganin feshi, yau yana Faskari, gobe Sabuwa, jibi 'Yargoje. Tunda dai magani yake sayarwa, ko da na ciyawa da tsutsa ne, sai abokan kasuwa suka laƙaba masa Likita don zolaya. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu biyu, ya shiga aiki da shi.

Ba wanda ya kai shi zuwa dubiya. Ko ciwon haƙori ka yi, kafin azahar za ka ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Zai zauna, ya tambayi inda ke ciwo, ya girgiza kai a hankali, ya ce, "Irin wannan ne ya ɗauke wani mutumin 'Yargoje. Shi ma haka ya fara. Kwana tara." Daga nan sai ya jero magunguna: ganyen gwanda, saiwar kaza, garin kaza, a jiƙa a tulu sabo, kada mai jan kaya ya taɓa. Akwai marasa lafiya a Ƙanƙara da suka koyi minsharin ƙarya saboda shi kaɗai.

Babban amininsa shi ne Ɗanliti, mai awon hatsi, mutumin Ruwan Godiya. Shekara talatin rumfarsu na jingine da juna a kasuwar Faskari, kwano ɗaya suke sa hannu. Wata damina Ɗanliti ya fara ramewa, idonsa ya koma ruwan ɗorawa. 'Ya'yansa suka kai shi babban asibiti a Zariya, aka dawo da magana: ciwon daji ne, a hanta, kuma ya yi nisa.

Barau ya ce ƙarya ne. "Likitocin yanzu, kowa suka duba sai su ce daji. Shawara ce ta yi mai yawa, ni na san ta." Ya fara jigilar jarkoki. Sauran 'yan dubiya ma ba su zo hannu sake ba, kowa da ƙullinsa, kowa da labarin wanda ya sha ya miƙe ya yi noma a ranar. Cikin mako biyu ɗakin Ɗanliti ya cika da kwalabe har sai an tsallaka kafin a kai ga gado.

Wata rana Ɗanliti ya dubi jarkar da Barau ya sauke, ya ce, "Likita, in na shanye duk wannan, ba ciwon ne zai kashe ni ba, zuwa bayan gida ne. Zauna ka ba ni labarin kasuwa. Wa ya yi faɗa da wa? Nawa tiyar dawa yanzu?"

Barau ya zauna, amma bai iya ba. In ya dubi wuyan amininsa, da yadda riga ta yi masa yawa, sai ya kau da kai. Bai kai minti goma ba ya miƙe, ya ce an ba shi labarin wani tsoho a bayan Sabuwa mai wata saiwa da ba ta taɓa kuskure ba. Haka ya riƙa yi. Yana kan babur, yana tambayar hanya, yana ciniki da masu magani, ba ya jin komi. Sai ya tsaya ne damuwa ke kama shi.

Ranar da ya samo saiwar, bai iya komowa da wuri ba, don hanyar ba ta biyuwa bayan la'asar. Washegari ya iso Ruwan Godiya da buhu ɗaure a bayan babur, ya tarar mutane na dawowa daga maƙabarta. Ya yi kwana uku a zaman makoki bai ba kowa labarin kowa ba. Har wasu suka tambaya ko shi ma ba shi da lafiya.

Ashe kuwa tambayar ta shige shi. Ya koma gida ya fara lalube cikinsa kullum da safe, yana buɗe ido a madubin babur yana neman ruwan ɗorawa. Matarsa Hamida ta gaji, ta ce, "Malam, ka je a duba ka mu huta." Ya je, a ɓoye, kada a ce Likita ya ga likita. Aka latsa, aka gwada, aka ce iska ce, ya rage cin wake.

Wata biyar bayan rasuwar Ɗanliti aka aiko daga Ketare cewa Yaya Suwaibatu ba ta jin daɗi. Ita ce yayarsa, ita ta goye shi bayan mahaifiyarsu ta rasu, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi masa aure. Kusan shekara tana ɓoye wani ƙullutu a nononta na hagu, tana shafa man zafi, ba ta gaya wa kowa ba. A wannan karon ma Zariya aka je, aka dawo da kalmar nan. Amma likitar ta ce in an yi aiki da wuri akwai fata.

Barau ya kawo ta gidansa a Ƙanƙara, 'yan dubiya suka yi layi. Yana zaune bakin ƙofa yana jin komi. Wata ta ce, "Wayyo, irin na Zulfa ne, Allah ya jiƙanta, wata uku ta yi." Wani dattijo ya kawo ruwa baƙi a gorar lemo, ya ce kada a tambayi abin da ke ciki. Wani maƙwabci ya ja Barau gefe ya ce, "Kada ka bari su yanka ta. Daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu."

"Wane jahili ne ya gaya maka haka?" in ji Barau.

"Kai ne, Likita. A gidan surukina, bara."

Daga ranar Barau ya ɗauko benci ya tare zaure. Duk wanda ya zo sai ya laluba aljihunsa da ido, ya ce masa, "Ka ce mata sannu da jiki, Allah ya sawwaƙe. Kalma biyu ke nan. In ka ƙara ta uku, ni da kai ne." Garin ya ɗauka cewa hassada ce, wai ba ya son wani ya yi likitanci a gidansa.

Matsalar ita ce Yaya Suwaibatu ma ta ji maganar ƙarfen, kuma ta san daga bakin da ta fito. Ranar da ya kamata su koma asibiti ta ce ba inda za ta.

"Kai ka ce wuƙa na watsa shi. Ko ba kai ba ne?"

Barau ya durƙusa gabanta, hula a hannu. "Yaya, ban sani ba. Wallahi ban san komi ba. Maganin ciyawa nake saidawa. In na je gaban mara lafiya tsoro nake ji, sai bakina ya kama zuba."

Ta ce, "Tun kana da wando ɗaya na san haka. Ina so ne in ji daga bakinka. Ɗauko mini mayafina."

Aka yi aikin. Bayansa aka shiga ƙarin ruwan magani mai kayar da mutum, duk bayan mako uku. Gashinta ya zube, abinci ya daina zama, ta koma faɗa da kowa. Barau ne mai rakiya. Ya koyi zama a bencin jira cikin mutanen da ba su san shi da Likita ba, kowa da nasa a ciki, kowa shiru. Wata rana wani bafulatani da matarsa ke kwance ya ɓara goro ya miƙa masa rabi. Barau ya karɓa, ya tashi ya tafi bakin famfo kamar zai yi alwala, ya yi kukan da bai yi wa Ɗanliti ba, har wani mai shara ya ce masa ya matsa, ruwa na zuba a banza.

Da ya koma ɗaki Yaya ta ga idonsa, ta ce, "Ni aka yanka, kai ke kuka? Ɓare mini lemo." Ya ɓare. Ta ce ya ɓare shi kamar da haƙori.

Yau shekara biyu ke nan. Likitoci ba su ce ta warke ba, sun ce dai a riƙa zuwa duk wata uku, kuma ana zuwa. Ta koma Ketare ta ci gaba da sana'arta, sai dai hannun hagu ba ya ɗaguwa sosai, ba ta iya matsar tunkuza. Ta ƙi ɗaukar 'yar aiki, ta ce tana da ƙane. Don haka duk ranar Laraba Malam Barau, mai mata da 'ya'ya bakwai, yakan rufe harkarsa, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa gaban turmi a tsakar gidan Yaya yana matsar mai, matan unguwa na leƙe ta katanga suna dariya. Ita kuwa tana zaune kan kujera 'yar tsugunno da carbi a hannu, tana cewa, "Ƙara ruwan zafi kaɗan. Kaɗan na ce, Barau! Kai komi sai ka cika."