Uwar Tukunya da Ganyen Bayan Kicin

Kafin masu shara su gama goge barandar asibiti, ita ta riga ta zagaya bayan kicin da kwandonta. Can ta yi 'yar gona tsakanin tankin ruwa da katanga: alayyafo, rama, yakuwa, da zogalen da ya fi ginin tsawo. Ta tsinko, ta wanke, sannan ta yanka. Ba ta yarda a yanka kafin a wanke. Ita ke dafa wa marasa lafiya abinci, ma'aikata na kiranta Uwar Tukunya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye ludayi, shi ya sa na ɗauki biro, ni da ruwan zafi ma sai an tsaya a kaina nake dafawa.

Na san ta lokacin da ƙanwata ta haihu, jininta ya yi ƙasa. Tafin hannu fari fat, in ta miƙe jiri ya zaunar da ita. Likita ya rubuta magani, ya ce ta dage da cin ganye, in jinin bai hau ba sai an yi mata ƙari, kuma babu sallama. Ni kuwa babban yaya, na sayo lemon kwalba da gwangwanayen madara na jera ƙarƙashin gado kamar mai buɗe shago.

Da aka kawo abinci, ƙanwata ta leƙa kwano ta ture.

"Gwaggo, ni akuya ce? A ba ni nama mana."

"Akuyar da kike rainawa, kin taɓa ganin an kwantar da ita ƙarin jini?" in ji Uwar Tukunya. Ta ja kujera ta zauna. "Ci, 'yata. Jaririn nan daga jikinki yake ɗiba, kuma ba ya jin a yi haƙuri."

Sai ta hango kayana. "Wannan fa na wa?"

Na ce nawa ne.

"Allah ya saka. Masu dubiya za su sha."

Ba ta tashi ba sai da kwanon ya koma wayam. Haka ta yi washegari, da ranar da ta biyo baya.

Nas ɗin ɗakin ta bayyana min cewa ganyen nan na ɗauke da sinadarin da ke gina jini da wanda ke ƙarfafa ƙashi, amma yawancinmu a tukunya muke kashe su. Uwar Tukunya sai miya ta kusa sauka take zuba ganye, kuma ba ta tsiyaye ruwansa. Takan ce, "Ku tafasa, ku zubar da ruwan, kun ciyar da kwata kun ci tsumma." Tun da nas ta faɗa mata lemon tsami na taimaka wa jiki ya karɓi amfanin, ba ta sake fitar da kwano babu shi ba. Ganyen da take ajiyewa don rani kuwa a inuwa take shanyawa, cikin sito, taga a buɗe, don ya bushe da korensa.

Ungozoma ta shaida min babu mai jegon da ake sallama Uwar Tukunya ba ta ƙulle mata irin shuka a bakin zane ba. Mai gadi ya ce direban da ya taɓa taka mata rama har yau daga nesa yake gaishe ta.

Jinin ƙanwata ya hau, ba a yi mata ƙari ba. Likita ya ce magani da kwano ne suka haɗa hannu. Madarata bai ambata ba.

Uwar Tukunya, ke ce mai jinyar da ba ta riƙe allura, mai hannu da albarka. Ke ce kika zauna gaban matan da ba ki haifa ba, kina lallashi kina tsiya har suka ci. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya jiƙan mahaifa.

Mu kuma, duk mai fasasshen bokiti ya cika shi da ƙasa ya watsa iri, a daina zubar da ruwan ganye.

Ƙanwata ta ce in gaya miki ranar bikin sallamarki tana tafe, da ƙafarta, da yaron a baya.