Matar da Ke Sauraren Kwalekwale

A bakin kogin Buller wata dattijuwa na durƙushe gaban kifaffen kwalekwale. Hular kwanon da ke kanta ta yi mata yawa. Ta manna kunne a jikinsa, tana ƙwanƙwasa shi da cokalin shayi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai wani wuri ya amsa kamar jiƙaƙƙen kwali. Ta danna, ya lotsa.

"Hamish, gam ɗin da ka liƙa maɗaurin cinya a jikin kwalekwalen nan da shi, ka bari ya sha iska?"

Ɗanta, ƙato mai gemu, idonsa na kan kogi. "Haba Mama, ruwa fa janyewa yake!"

"Lafta shi ka yi. Ya ci ciki, ɓawon ya rabu da soson tsakiya. Karo da dutse ɗaya ya ishe ka."

"Yau kaɗai dai."

Ta zauna daram a kan kwalekwalen, ta juya wa Hamish baya. A ƙeyar hular an rubuta Trevor. Ni da ke tsaye a gefe ban san shi ba, amma ina zaton kogin nan ya taɓa maido mata hula babu mai ita.

Hamish ya dubi sunan. Ya fara kwance rigar ruwa.