Ranar da Inna Mai Kuloli Ta Juya wa Waya Baya

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Inna Mai Kuloli, shi ma na katako ne, ko atishawa ta yi sai na amsa mata. Ni guga nake yi. Ita kuwa kuloli take sayarwa da filas da tukwane da kwanuka, a jere tun daga ƙasa har rufi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, masu fure a gaba inda rana za ta haska su. Saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin wani na ji ba. Ta ɓular katako ya same ni ina zaman zamana.

Da tire a ka ta fara, tun ina yawo ba wando. Daga tire ta koma tebur, daga tebur ta kama shago, kuma da kwanukan nan ta yi wa 'ya'yanta makaranta kaf. Mijinta tsohon direba ne, mutumin kirki, yanzu yana gida shi da rediyonsa. Amma abin da aka fi sanin Inna da shi ba sayarwa ba ne, saye ne. In ta shiga wurin 'yan sari, har masu wucewa tsayawa suke yi kallo. Za ta ɗaga kula, ta ƙwanƙwasa gindinta, ta shinshina cikinta, ta yatsine fuska kamar an ɗura mata magani. A faɗi kuɗi, ta dafe ƙirji ta yi salati. Sai ta ajiye kayan a hankali, ta gyara mayafi, ta juya baya ta kama hanya. Ba sauri, ba waiwaye. Kafin ta kai bakin ƙofa za ka ji mai kaya yana cewa, "Haba Inna, dawo mana, ai ba faɗa muke yi ba!" Ta rantse mini tun da take ba a taɓa barin ta ta fita ba.

To, ana nan sai babban ɗanta ya shigo harkar. Ni Manaja nake ce masa, don ko shara zai yi sai ya sa agogo. Yaron kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Shi ya gano cewa su kansu 'yan sarin daga ƙasar Sin suke ɗauko kayan, ya bi diddigi har ya samo wata mata mai masana'anta wadda murfin kulolinta ba ya tsagewa ko da rana ta gasa shi. Ya daɗe yana neman irinta. Sai ya rubuta abin da yake so a waya, waya ta juya shi Sinanci, bayan 'yan makonni ka ga mota ta sauke kwalaye. Ciniki ya ƙaru, kowa ya gani.

Inna kuwa aka saya mata kujera mai laushi, aka ajiye a can ƙurya kusa da fanka. "Inna ki huta, gwiwarki." Daga baya ma shi da ƙannensa suka haɗa baki, wai in shekara ta ƙare ta zauna a gida gaba ɗaya.

Ta leƙo ta ce mini, "Mai guga, ka ga an mayar da ni kula. An kai ni lungu an rufe."

Na ce, "Ai mai tsada ce, Inna. Har yanzu tana riƙe zafi."

"Ƙaniyarka."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda ake sayen. Wata rana ina jin ta da Manaja.

"Nawa aka ce?"

Ya faɗa mata.

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce to."

"To? To kawai? Ni na haife ka kuwa?"

"Inna, waya ba ta ciniki. Farashi ne a rubuce."

"Mutum ne ya rubuta ko aljani?"

"Mutum ne mana. Mace ce ma."

"In dai mutum ne, ai yana da kunne."

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba sai da na ga ranar Asabar ta yafa mayafin unguwa ta fita. Ashe akwai wani malami da ya yi karatu a ƙasar Sin, yana koyar da Sinanci a saman wani shagon buga takardu. 'Yan ajin duk matasan 'yan kasuwa ne masu ƙananan gemu, sai ga Inna ta hau bene tana dafa gwiwa, ta zauna a layin gaba, ta ce a matsa mata. Ba ta rubutu. Kunne take sawa, ta ɗauki muryar malamin a waya, ta dawo shago ta yi ta maimaitawa.

Ranar farko da na ji ta ta bango na zaci wani abu ne ya same ta. Murya ta hau, ta sauka, ta lanƙwasa, ta sake hawa. Na ajiye dutsen guga na leƙa.

"Inna, lafiya? Ƙaya ce ta maƙale ko in kira Manaja?"

"Karatu nake, jahili. Matsa ka tare mini iska."

A bakin malamin abin da daɗi, kamar ana zuba ruwa a kofi. A bakin Inna kuwa kamar ana jan tebur a kan siminti. Na faɗa mata haka, ta ce ai shi ma teburin in aka yi ta ja yakan isa inda za a kai shi.

Na tambaye ta wai me za ta yi da yaren mutane a shekarunta. Ta ce, "Da can kasuwa a bayan tasha take, in na sa takalmi na isa. Yanzu ta tashi ta shige cikin waya. Ni kuwa ba a yi kasuwar da za ta tafi ta bar ni ba. Wanda ya ji yaren mai kaya shi yake fara cin kasuwa, saura su ci ragowa." Ta ce malaminsu ya ce wasu ma yaren Sifaniya suke koyo, don can ma akwai mutane burjik masu saye da sayarwa. "Na ce masa a bi a sannu, in na gama da wannan zan leƙa wancan."

A kaina ta riƙa gwaji. Ta kawo mayafi guga, na faɗi kuɗi, ta dafe ƙirji ta ce, "Tai gwei la!" Wai ya yi tsada ke nan. Kafin wata ya zagayo duk layinmu ya ɗauka. Mai shayi ya faɗi kuɗi, a ce masa tai gwei la. Har matata, in na ce a dafa mini ruwan wanka.

Shekara ta kusa ƙarewa, Inna ta kira ɗanta ta ce odar da za a yi nan gaba ita za ta yi magana da matar, baki da baki, ido da ido. Manaja ya yi ta zillewa, ta kafe. Daga ƙarshe ya ce, "Shi ke nan, sau ɗaya. In ya yi kyau, ke za ki riƙa magana da ita. In ya ɓaci, ki koma gida ki huta, ba musu. Kuma don Allah Inna, matar nan da ƙyar na samo ta."

"Na ji. Mai guga shaida ne."

Na ce ta bango, "Ni ban ji komai ba, amma na shaida."

Ranar da za a yi, da hantsi, aka jingina wayar a jikin wani babban filas. Inna ta sa sabon mayafi ta zauna a gabanta, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa da rigar wani a hannu. Matar ta bayyana, 'yar siririya mai tabarau, bayanta kwalaye har sama. Inna ta gyara murya ta gaishe ta. Matar ta zaro ido, ta tafa hannu, ta kira wasu ma'aikata su zo su gani. Inna ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi ko ta ci abinci. Abin na tafiya kamar da wasa. Manaja sai murmushi yake yana gyara agogo.

Aka zo kan farashi. Inna ta ɗaga kula ta ƙwanƙwasa, ta yatsine fuska, ta dafe ƙirji. "Tai gwei la!" Matar ta yi dariya ta rage kaɗan. Inna ta girgiza kai. Matar ta ce iyakar ke nan.

Sai na ga Inna ta ajiye kular a hankali, ta gyara mayafi. Na san abin da ke biye. Ta miƙe, ta juya wa wayar baya, ta kama hanya. Ta wuce ni, ta shige shagona, ta laɓe a bayan rigunan da na rataye.

Manaja ya biyo ta da gudu. "Inna, ina za ki?"

"Koma, kada ka ɓata mini aiki. Mai guga, ta kira?"

"Ban ji ba."

"Yi shiru. Za ta kira."

Muka yi tsit, ba abin da kake ji sai ƙarar fanka. Da Manaja ya koma, waya ta yi baƙi. Matar ta kalli kujera ba kowa, ta gaji ta kashe.

Na ce masa ya rubuta mata mana. Ya ce, "In rubuta me? In ce uwata ta fita ne don a kira ta?" Ya zauna a kan kwali ya haɗa kai da gwiwa.

Yinin ranar ban ji Sinanci ta bango ba. Da la'asar na leƙa na tarar Inna tana naɗe abin sallarta, ta sa kofinta da carbinta a jaka. Ta ce alkawari kaya ne, gobe za ta zo ta yi sallama da 'yan layi. Sai na ce ta kawo mayafin in goge mata kyauta. Ta ce ko kyautar ma ta yi tsada.

Washegari tana cikin sallama da mai shayi sai wayar Manaja ta yi ƙara. Matar ce, fuska duk damuwa. Ta yi wata 'yar gajeruwar magana. Manaja ya fara laluben inda zai danna a juya masa, sai Inna ta ce daga bayansa, "Cewa ta yi, Mama lafiya?" Ashe matar ta ga tsohuwa ta dafe ƙirji ta tashi, ɗanta ya bi ta da gudu, ta kwana tana zaton ciwo ne ya kama ta.

Inna ta ce mata lafiya lau. Amma bayanin abin da ya faru ya fi ƙarfin Sinancinta, malam bai kai su nan ba. Sai ta koma yi da jiki. Ta ɗauki kula ta ajiye, ta juya ta yi tafiyar nan tata. Ta zagayo da sauri ta tsaya bayan tebur ta zama mai kaya, tana yafito da hannu biyu kamar za ta yi kuka. Ta sake zagayawa ta zama mai saye, ta dawo tana yanga.

Matar ta bi ta da kallo. Can sai ta fashe da dariya har tabarau ya zame. Ta ɓace daga wayar, muna ta kallon kwalaye, sai ga ta ta dawo riƙe da hannun wata tsohuwa mai furfura, 'yar dunƙule. Uwarta ce. Ashe ita ma a kasuwa ta tsufa, kayan lambu take sayarwa. Da aka ba ta labari, ta juya ta rufe 'yar da faɗa, tana nuna ta da yatsa.

Inna ta ce, "Ta ce 'yarta ba ta da tarbiyyar kasuwa. Ya za a yi mai saye ya juya ki bar shi ya tafi?"

Na ce, "Inna, kin ji ko kin ƙirƙira?"

"Rabi na ji, rabi na gani a fuska."

Tsohuwar ta ture 'yar gefe, ta zauna a kujerarta, ta yi wa Inna alama da hannu wai ta sake tafiya. Inna ta gyara mayafi ta juya. Ba sauri, ba waiwaye. Tana kaiwa bakin ƙofa tsohuwar ta kwarara wani kira da sai da mai shayi ya ɗago kai. Wannan ko ni da ban hau benen malam ba na san dawo ake cewa.

Inna ta tsaya. Ta ɗan ja lokaci, don a san ba ta matsu ba. Sannan ta dawo ta zauna, suka sa juna a gaba, ita da Sinancinta mai ɗingishi, waccan da yatsu, 'ya'yansu biyu na tsaye a baya kamar 'yan rakiya. Manaja ya ce ragin ba wani mai yawa ba ne. Amma kafin a kashe waya an nuna wa Inna wani sabon samfurin kula da ba a fitar ba tukuna, an tambaye ta wane launi matan wajenmu suka fi so, ita kuma ta gaya wa tsohuwar abin da take shafa wa gwiwa.

Washegari da safe Manaja ya zo ya buɗe shago, ya cire wayar daga caji, ya goge ta da gefen riga, ya miƙa wa uwarsa da hannu biyu.

"Inna, maganar sabon samfurin nan. Yaushe za ki kira ta?"

Inna ta karɓa, ta kife wayar a kan tebur, ta jawo kofin shayinta.

"In kira ta? Don ta ga na ƙosa? Zauna ka koyi aiki, yaro. Ita za ta kira."