Kututturan da Baba Ya Bari

Shekara biyu muka yi muna dashen itatuwa a tsohon gandun dajin da ke tsakanin Gafasa da Toranke, kuma duk shekara biyun nan ina hana mahaifina zuwa wurin.

Sunan daji kawai ya rage wa wurin. Fili ne fetal, sai 'yan tsirrai nan da can da ba su wuce gwiwa ba, awaki na bi suna tsinka. Mu 'yan kaɗan muka haɗa ƙungiyar sa-kai, malaman firamare irina da manoma da wasu Fulani da suka daɗe da zama, malamin daji ya ba mu izini da dashen darbejiya da na itacen turare. Ni ne mai igiyar awo. Ina da son layi ya miƙe, har ana ce min ko sahun salla nake ja. Duk tsiron da ya tare min layi sai in sa adda in share shi.

Baba mai saran itace ne. Da gatarinsa da jakinsa ya ciyar da mu, kuma kowa a garin ya san daga wane daji itacen ya fito. Ranar da muka fara aiki wani manomi mai bakin tsiya ya dube ni ya ce, "To, uba ya sare, ɗa na dasawa." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma maganar ta tsaya min a rai. Kunyar mahaifina na ji, gaskiyar ke nan, kuma har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Kowace Asabar in na ɗauki igiya sai Baba ya ce, "Malam, yau ma can za ku?" Tun da na fara koyarwa yake ce min Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. "Ko in zo in riƙe muku bakin igiyar?"

"Baba, da rana fa. Ga ƙafarka."

Ƙafarsa lafiyarta lau, mu duka mun sani. Ya tambaya sau uku ko huɗu, sai ya daina. Ya koma raka ni da ido har in sha kwana. Tsoho ne da ya ajiye gatari tun da daɗewa, abin da yake so kawai a gan shi a dajin nan yana wani abu ban da sara, ni kuma na tare masa hanya.

Dashenmu bai yi albarka ba. Mun tura amalanke cike da jarkoki duk rani, gara ta ci rabi, awaki suka ƙarasa saura. A bazara ta biyu mutane suka fara zamewa, wannan ya ce sharar gona, wancan ya ce biki. Wata ranar Juma'a da yamma na zauna a tsakar gida ina ta mita, ina cewa ƙasar ce ta mutu, gobe ma zuwan ƙarshe za mu yi. Baba na gefe yana jan carbi.

Da na isa da safe na tarar da shi a can, tsaye da sandarsa, ya riga kowa zuwa. Raina ya ɓaci, na nufe shi zan yi magana, sai ya nuna wani tsiro da bakin sanda, irin waɗanda nake sharewa.

"Malam, tona min nan."

Mutane sun fara taruwa, ba yadda zan yi. Na durƙusa na kau da yashi da hannu. Sai ga baƙin kututture, faɗinsa ya kai bakin tukunya, tsirrai sun fito ta gefensa zagaye.

"Marke ne," in ji Baba. "Ni na sare shi. Bai mutu ba, saiwarsa na can ƙasa ta kai ruwa. Kowace shekara yana leƙowa, akuya ta cinye, ko ɗana ya share."

Wannan karon ni aka yi wa dariya.

Daga nan ya shige gaba muka bi shi. Ba ya lalube. Ya ce nan aduwa, nan magarya, can kanya guda biyu jere, kuma duk inda ya nuna muka tona sai mu samu. Ya ce mahaifinsa ne ya koya masa: a sare daidai gwiwa, a karkace don kada ruwa ya kwanta a kai, kuma ko kusa kada a sa wuta a gindi. Wuraren da masu gawayi suka ƙone kuwa sai ya wuce su. Kafin hantsi manomin nan mai bakin tsiya shi ne ke gaba-gaba yana cewa, "Baba, nan fa? Baba, wannan na wane itace ne?"

Malamin daji ya ce ya taɓa ganin ana irin wannan aiki. A zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a yanke sauran don ƙarfin ya koma gare su, a ɗaura jan ƙyalle kowa ya san an hana taɓawa. Muna tsaye a kan kututturen wata kirya da Baba ya ce da jikinta aka sassaƙa turmin gidanmu. Malamin ya zaro wuƙa ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, kai ya kamata ka fara."

Baba ya karɓa ya tsuguna. Ya daɗe yana duban tsirran, ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Can sai ya juyo da ƙotarta wajena.

"Ni na gama yanka a dajin nan. Karɓi, Malam. Zan riƙe maka waɗanda za a bari."

Ya tattaro guda uku ya kāre su da tafukansa, yadda ake kāre fitila daga iska. Na tsuguna kusa da shi, kafaɗata na gogar tasa, na fara yanke sauran ɗaya bayan ɗaya. Na yi shirin in ce ya yafe min. Sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa, na matso don na zaci da ni yake. Da kiryar yake.

"Ashe kina nan," ya ce mata. "Ashe kin jira ni."

Dole na dakata da yankan, don ƙwalla ta hana ni ganin inda wuƙar take.