Irin Nonon Kakata

Da safen nan na ɗaga faifan ƙwarya, tsamin kindirmo ya bugi hancina, sai na zauna a bakin ɗaki na yi kukana. Ba zan ɓoye muku ba, tun da maigidana ya rasu, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kuka ba ya yi mini wuya. Ban iya rubutu ba, matar maƙwabcina ce ke rubuta abin da nake faɗa.

A ƙauyenmu na wajen Baure na taso, a ɗakin kakata ta wajen uba. Tana da wata baƙar ƙwarya da sabulu bai taɓa shafa ba. In an tatso madara da yamma sai ta dafa, ta bari ta huce, ta ɗebo ludayi guda na nonon jiya ta zuba, ta rufe. Wannan ludayin shi take kira iri. Daga ƙwaryar uwarta ta taho da shi ranar da aka kai ta ɗakin miji, kuma bai taɓa yankewa ba.

Babana kuwa ciwon hanji ne da shi. In damina ta kankama, ana tsakar noma sai a ga ya yar da fartanya ya nufi bayan kargo, ya dawo dafe da mara. Ni ke kai masa buta, saboda haka na san akwai jini, amma ba a faɗa. An yi jiƙon bagaruwa, an sha rubutu. Wasu suka ce basir ne, wasu suka ce sammu. Kakata dai nono take miƙa masa.

"Sha, ɗan nan. Irin cikinka ne ya lalace, bari mu ara masa nawa."

"Wato Inna kin mayar da ni ƙwarya ke nan," in ji shi, yana dariya yana cije leɓe.

Wani lokaci ciwon ya lafa, wani lokaci nonon ma ya murɗa shi. Ya rame har zobensa ya koma babban yatsa. Bai ga aurena ba. Ranar da za a kai ni, kakata ta zuba mini iri a ɗan ƙoƙo, na riƙe shi a ƙarƙashin mayafi har gidan miji.

Bayan rasuwar maigidana ciwon nan ya bayyana a jikin ɗana, wanda shi kaɗai Allah ya bar mini, yana ɗinki a cikin Daura. Ya je babban asibiti. Likita ya ce hanjinsa ne ya yi gyambo. Ya ce cikin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu amfani da masu cutarwa, shi nasa masu amfanin sun yi ƙaranci. Wai har a ƙasar Sin mutane na fama da wannan ciwo. Na ce ashe har can akwai uwaye irina.

Na tuna maganar kakata, na yi sauri na ɗauko ƙwarya. Sai ɗana ya riƙe hannuna. Likita ya hana shi madara da nono sai ciwon ya kwanta, don suna tayar masa.

Yanzu shanu babu, sai Bafulatana ta kawo mini madara kaɗan. Yaran yanzu na roba suke sha. Ni kaɗai nake zuba iri, ni kaɗai nake shanyewa, ba don marmari ba.

Ran Juma'ar da ta wuce ɗana ya zo a bayan babur, wuyansa ya yi tsawo irin na babana. Ya ɗaga faifan, ya daɗe yana shaƙar tsamin, sannan ya mayar ya rufe.

"Inna, kar ki bari irin nan ya mutu," ya ce. "Wata rana zan sha."

Yamma ta yi. Bari in tashi, madarar ta huce.