Hannun da Baba Yake Ɓoyewa a Baya

Kafin mu masu yara mu gama neman takalmin makaranta ƙafa ɗaya da ya shige ƙarƙashin gado, Baba Hannu-Ɗaya ya riga ya zagaye layinmu da baronsa. Tafiyarsa irin ta wanda abu ya ɓace masa ce. Ya leƙa bayan katanga, ya leƙa kwata, ya tsaya a bakin bola ya tona da sanda. Abu ɗaya yake nema: tsohuwar talabijin mai ƙusumbi a baya, irin wadda masu gida suke fitarwa ranar da suka rataye sabuwa a bango. In ya samu, ya rungume ta, fuskarta a ƙirjinsa, ya shimfiɗa mata tsumma a baro. In bai samu ba, ba murna yake ba. Cewa yake wani ya riga shi, sai ya sake zagaye.

Hannuwansa biyu ne cif. Sunan daga aikinsa ya fito. Duk ranar da ya buɗe bayan talabijin, hannun hagunsa yana naɗe a gadon bayansa, na dama kaɗai ke shiga ciki. Ya jingina madubi a gabanta don ya riƙa ganin fuskarta daga baya, yana taɓa nan yana murɗa can, ƙamshin narkakkiyar dalma ya cika shagon. Shagon kuwa ba masaka tsinke. Talabijin kan talabijin har rufi, masu akwatin katako da ƙafa huɗu, masu ƙofar ja, masu baƙi da fari waɗanda sai sun ɗumama kafin su buɗe ido. Kowace ya san gidan da ta fito da ciwon da ya kwantar da ita.

Wani direban babbar mota ya taɓa kawo masa ta mahaifiyarsa bayan rasuwarta. Ya kai ta wurare, kowa ya ce masa ya jefar. Baba ya ajiye ta, ya yi ta farke 'yan uwanta matattu yana neman wani ɗan abu da bai kai ƙwayar wake ba. Ranar da hoto ya fito, ƙaton nan ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hula.

"Haka take ƙara kafin ta kama," in ji shi. "Wallahi haka take."

Baba ya ce, "To ka bar kuka a kanta, ba ta son ruwa."

Amma mu iyaye mata, dalilinmu na jinjina masa daban ne. Bayan layinmu akwai filin da yara ke wasa, a gefensa ake zubar da shara. Wata safiya Baba ya makara, ƙafar baronsa ta lalace. Kafin ya iso, 'yan gwangwan sun ɓalle bayan wata talabijin da aka fitar, sun kwashe abin da suke so sun bar ta a buɗe. 'Yar mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da shagonsa, yarinyar da ba ta kai shiga makaranta ba, ta tsuguna a gabanta. Akwai wata jar waya mai kauri da ke liƙe a jikin kwalbar, wato ƙaton gilashin da ke nuna hoto, da wata roba kamar murfin kofi. Robar take ƙoƙarin ɓanɓarewa, tana so ta yi wa 'yar tsanarta faranti.

Waɗanda suka ji tsawar da Baba ya daka da isowarsa sun ce ba su taɓa sanin yana da murya haka ba. Yarinya ta faɗi zaune tana ihu. Uwarta ta fito da almakashi a hannu.

"Baba, lafiya? Me ta yi maka za ka tsinka mata hanji?"

Baba ya matso kusa da talabijin ɗin. Ya ce kowa ya ja baya. Ya ciro dogon sukundirebansa mai waya a ɗaure, ya maƙala wayar a ƙarfen jikin talabijin, ya mayar da hagunsa baya, ya zura bakin a hankali ƙarƙashin robar. Tas! Wani shuɗin haske ya yi tsalle, a talabijin da ko soket ba ta kusa da shi.

"Kin gani, 'yata? Tana riƙe wuta a cikinta ko an zare ta. Maciji ko an sare masa kai, ba a sa masa yatsa a baki. Kwalbar kuma in aka rotsa ta, gilashi ne zai tashi, kuma daidai fuskar yaro yake tashi."

Mai ɗinki ta zauna a ƙasa, ta janyo 'yarta ta ƙanƙame. A ranar muka gane zagayen safiyar nan. Mu a zatonmu son tarkace ne. Ashe tsere yake yi da 'ya'yanmu, kullum, kuma bai taɓa ce wa kowa ya gode masa ba.

Yanzu hannun daman nan ya fara rawa. Da farko ya ɗora wa shayi laifi. Daga baya dalma ta fara ɗiga inda bai aike ta ba. 'Yarsa ta zo daga garin da take aure, ta tsaya a ƙofar shago don ba wurin shiga.

"Baba, ka tallafa da hagun mana. Hannu biyu Allah ya ba ka."

"In duka biyun suna ciki, wuta ta shiga ta wannan ta fita ta wancan. Me ke tsakaninsu?" Ya buga ƙirjinsa. "Ranar da ɗaya ya kasa, aikin ya ƙare. Haka maigidana ya koya mini, kuma shi a kan gadonsa ya mutu."

"To ya ƙare ke nan. Ka shirya mu tafi, na gyara maka ɗaki."

Ya yarda zai bi ta. Masu rai a cikin talabijin ɗin ya raba wa masu so, direban nan ma ya zo da mota ya kwashi wasu. Saura matattu, su ne suka fi yawa, kuma wasu ya jona su yana gwaji ba da daɗewa ba, har ya manta wacce da wacce. Wanda ya ba shi hayar shagon ya riga ya ba wani mai sayar da wayoyi shi, ya ce abin da ya rage masu kwasar shara za su ɗebe. Kowa ya san inda masu kwasar shara ke juyewa.

Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɗauki sukundireba ya ajiye. Ya fita ya kalli filin, ya dawo. Mu ma haka. Wadda duk ta ji ƙarar fashewar abu sai ta fito tana ƙirga 'ya'yanta da ido. Ya aika wa masu gyaran zamani su zo su taya shi, suka ce aiki ya yi musu yawa, kuma ba a ga laifinsu ba. 'Yarsa ta ce motar da ta ɗauko musu ba za ta jira ba.

"Ta tafi," ya ce. "Ba zan bar wa jikokina na layin nan wannan a fili ba."

Mai ɗinki ce ta kashe kekenta ta shigo, da goyon jaririnta a baya.

"Baba, ga hannu. Ni da nake zura zare a allura ba tabarau, wannan ne zai gagare ni?"

"Ke? Ranar nan da almakashi kika fito mini."

"Yau ma yana aljihu, in ka yi mini tsawa."

Ya dube ta, ya dubi hannunsa. Ya ce, "Sauke goyon tukuna. Ki kai shi can nesa. Ki sa takalmin roba."

Ta miƙa mana jaririn. Ya nuna mata inda ake maƙala waya, ya sa ta maimaita har ta ƙosa. Ta kama sukundireba da dama, ta sunkuya. Baba ya buɗe baki zai ce mata ta mayar da hagu baya, sai ya fasa. Hagun yana can tuni, a gadon bayanta, yana tallafe da goyon da babu shi. Haka hannun kowace uwa yake yi in ta sunkuya.

Tas!

Ta yi tsalle ta yi salati, muka yi tsalle tare da ita. Baba ya yi dariya har da share hawaye.

"Ni sai da maigidana ya yi ta bugun hannuna da rula kafin na koya. Ku ashe da shi kuka zo."

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ido, ita hannu. Bayan an sauke wa kowace wuta, ya nuna mata ɗan tsinin da ake karyawa a wuyan kwalba, iska ta shige da dogon tsaki, daga nan ba ta da sauran fashewa. Mu namu riƙon yara da korar masu leƙe. 'Yarsa ta sallami mota, ta ɗaura zani ta shiga ɗauko musu talabijin ɗin. Da aka gama, ya miƙa wa mai ɗinki sukundireban da baron.

Baba, kai ne mai gadin da ba wanda ya ɗauka aiki. Kai ne ka riƙa tashi kafin 'ya'yanmu don kada su riga ka. Sarkin haƙuri da matattun akwatuna, mun daɗe muna ce maka mai tara shirgi, ka yafe mana. Idon 'yata biyu lafiya lau, yatsun ɗan maƙwabciyata goma cif, kuma ba mu san a wace safiya ce ka tsare mana su ba. Allah ya saka maka, ya sassauta wa hannun nan rawa, ya sa ka huta, in ma ka iya hutun.

Ku kuma masu karatu, kada wanda ya gwada wannan aiki don ya karanta a nan. Tsohuwar talabijin ba a jefa ta bola, a kai wa wanda ya sani. In akwai wani tsoho a layinku da yake yin abin da kuke yi wa dariya, ku tambaye shi dalili tun hannunsa bai fara rawa ba.

'Yarsa ta kira mai ɗinki a waya, ta ce tun da Baba ya isa bai zauna ba. Ya riga ya gano inda bolar unguwarsu take.