Laifin Lasifika

Ƙanena ne, ni na goye shi, don haka ina da bakin faɗa: tun yana ƙarami bai taɓa yarda abu ya lalace haka kawai ba. Rediyon Baba, agogon bango, fankar ɗakin Mama, babu wanda bai buɗe cikinsa ba. A gida Bari-in-duba muke ce masa. Da ya girma sai ya zama mai rubuta manhaja a wani kamfanin rarraba magunguna. In aka tambaye shi aikinsa, cewa yake yi yana hana kwamfuta yi wa mutane ƙarya.

Amma ba a ofis ransa yake ba. Yana cikin wani ɗan ɗaki da ke bayan kicin ɗinsa, mai tebur ɗaya, allon kwamfuta biyu, da lasifika biyu da ya ɗora a kan littattafan kimiyya don su zo daidai kunnensa. Har da tef ya auna tazarar. A nan yake haɗa kiɗa ba ganga ba molo, rubutu kawai yake yi kwamfuta ta rera. Ya taɓa ɗaukar lissafin ruwan sama na shekara goma ya mai da shi kiɗa, sannan ya mai da kiɗan zane. Zanen yana rataye a falona, baƙi suna tambayata taswirar ina ce.

Yana da wani hali da abokan aikinsa suke yabo, ni kuwa yanzu haushinsa nake ji. Duk abin da ya dame shi sau biyu, ba zai tambayi kowa ba, manhaja zai rubuta masa.

Shekara biyu da suka wuce ya fara ƙorafi cewa lasifikarsa tana haɗiye siraran sauti. Ya canza ta. Ya canza wayoyi. Ya manna soso a bango. Da abin ya ƙi, sai ya rubuta wata 'yar manhaja: kullum da safe kafin ya tafi aiki tana sakin sauti ɗaya-ɗaya, daga kakkaura zuwa siriri, in ya ji sai ya danna. Wanda bai ji ba, manhajar ta ɗauka lasifika ce ta ci, sai ta ƙara wa sautin ƙarfi a cikin kiɗansa. A kunnensa kiɗan ya koma daidai. A namu kuwa, sai ka ce ana kankare tukunya da cokali.

Na taɓa ce masa, “Wai wannan kiɗa ne ko horo?”

Ya yi dariya. “Yaya, kunnenki ne bai waye ba.”

Ni ma na yi dariya, kuma har yau ina jin kunyar dariyar nan. Dukanmu mun ɗauka sabon salo ne irin nasa. Matarsa in ya kunna sai ta sulale ta tafi shanya. In ta yi magana bai amsa ba, sai ta ce ai ka san shi in ya sa aiki a gaba.

Wata abokiyar aikinsa ce ta gano, wadda aikinta a kamfanin shi ne neman kuskure a abin da masu rubuta manhaja suka rubuta. Ranar wata Asabar ta zo da mijinta, ina nan, ya jawo mu ɗakin yana alfahari. Ya nuna mata jadawalin da manhajar ta tara, wani layi da ke gangarowa wata bayan wata. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaye shi sau nawa ya canza lasifika, ya ce sau uku. Ta ce ya tashi. Ta zauna a kujerarsa ta yi gwajin da kanta, layinta ya fito miƙe.

Ta ce a hankali, “Lasifikarka lafiyarta ƙalau. Ka canza komai a ɗakin nan, ban da mai sauraro.”

Bai ji ba, don baya ta ba shi. Sai da ta juyo ta maimaita.

Ni na kai shi wurin likitan kunne, don matarsa ta ce ba za ta iya ba. Takardar da likita ya fitar ba ta bambanta da tasa ba. Likitan ya duba jadawalin ƙanena, ya ce bai taɓa ganin mara lafiya da ya rubuta ciwonsa da kyau haka ba. Sannan ya cire tabarau ya tambaye shi me ya zaunar da shi shekara biyu. Ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, za a sa masa na'urar ji, sauran kuma za a yi ƙoƙarin tsare shi.

A mota na shirya faɗa, na tara magana cike da baki. Na zaci kiɗansa zai fara yi wa kuka. Yana da 'ya ɗaya, shekararta uku, muryarta siririya, daga safe har yamma bakinta ba ya hutawa. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya juyo yana kallon bakina.

“Yaya, ki gaya mini gaskiya. Yarinyar nan tana min magana?”

Na ce, “Kullum. Tana tsayawa a bayan kujerarka.”

Ya ce, “Ni fa cewa nake yi Allah ya ba ni 'ya marar surutu.”